Askar Gado a Jikin Ƙwayar Daji: Sharhi Kan Alamomin Melanoma

Dattawan ƙasar Kabi ba sa buƙatar tambayar baƙo daga ina ya fito. A kasuwar Gwandu ko ta Kalgo, tsoho zai ɗaga kai ya dubi kuncin mutum, ya ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, na bayansa kuwa Ba'are ne ko Bazabarme. Aska ce ta gaya masa. Amma kowane dattijo ya san inda wannan sani ya tsaya. Aska tana faɗin gidan da mutum ya fito, ba ta faɗin ko shi ya saci akuyar da ake cigiya. Akwai kuma askar da ke kama da wata idan an hango ta daga nesa, akwai ɗan riƙon da aka yi wa askar gidan da ya tashi, akwai wanda tsufa da tamoji suka shafe tasa.

Likitan da ke duba tsokar da aka yanko daga jikin majiyyaci, don ya gane ko dajin melanoma ne, kusan aikin dattijon nan yake yi, kuma iyakar da ta tsayar da dattijon ita ke tsayar da shi.

Melanoma daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke yi wa fata launi, waɗanda ke sarrafa baƙin sinadarin da ake kira melanin. Hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan 325,000 suka kamu da shi a duniya, kusan 57,000 suka rasu. Mafi yawansu Turawa ne, kuma rana ce ke ƙona musu fata har ta jawo shi. Wannan ya sa mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suka ɗauka ciwon Bature ne. Namu yana nan, wuri kawai ya sauya. Rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano sun daɗe suna nuna cewa a wurinmu ƙafa ce babban masaukinsa: diddige, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce. Irinsa ne ya fara a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafar mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1977, ya kuma yi ajalinsa a 1981.

A ce manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo, ko mai albasa a karkarar Gwandu. Baƙin tabo ya fito masa a diddige. Wa ke duba diddigensa? In ma ya gani, zai ce tawadar Allah ce, ko ƙaya ce ta karye a ciki, ko faso ne ya yi zurfi. Sai ya fashe ya zama gyambon da ba ya jin magani, an kai wa wanzami ya tsaga, an sayi kafso a kemis, sannan kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka. Yawanci a wannan gaɓar ake zuwa asibiti. Ko tafiya babu takalmi ce ke jawo shi? An daɗe ana gardama. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2016 ya nuna ciwon ya fi fitowa a sassan tafin ƙafa da ke ɗaukar nauyin jiki. Sai dai baƙaƙen Amurka, da ba sa rabuwa da takalmi, su ma a ƙafar yake kama su. Saboda haka ba a ɗora wa tafiya ƙafa a ƙasa dukkan laifin ba.

To, mene ne alamar da ake nema a cikin tsokar?

Kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da ke ba da umarnin haɗa furotin. Ƙwayar hanta da ta ido da ta fata duk kundi ɗaya suka gada. Abin da ya raba su shi ne shafin da kowace ta buɗe. Kamar zauren malami ne a Gwandu, inda ɗalibai goma ke riƙe da littafi guda, amma kowa da babin da yake biyawa. Idan ƙwaya ta buɗe shafi, sai ta kwafe shi zuwa ɗan gajeren saƙo da ake kira RNA, saƙon kuma ya zama furotin. Ƙwayar launi tana buɗe shafukan da suka shafi yin melanin, kuma ko ta rikiɗe ta zama daji, yawanci ba ta daina biya su ba. Waɗannan furotin su ne askarta. Ana gano su ta hanya biyu: ko a zuba wa siririn yankin tsoka wani sinadari mai bin sawun furotin ɗin ya rina shi, a duba a madubin likita, ko a niƙe tsokar a nemi saƙon RNA da na'urar da ke ninninka shi.

Inda maganar ta yi daɗi shi ne asalin ƙwayar launi. Ba a fata aka haife ta ba. A makonnin farko na ciki, tun uwa ba ta fara jin motsi ba, wasu ƙwayoyi kan ɓalle daga gefen bututun da zai zama laka da ƙwaƙwalwa, su bazu cikin jikin ɗan tayi kamar masu tafiya cin rani. Wasu su zama rigar da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo, wasu su zama jijiyoyin hanji, wasu ƙasusuwa da guringuntsin fuska, wasu cikin ƙullin da ke zaune a saman ƙoda. Wasu kuma su zama ƙwayoyin launi, su sauka a fata, da gindin gashi, da cikin ido, da can cikin kunne, da mayafin ƙwaƙwalwa, da cikin hanci da baki da dubura. Dangi ne masu yawa, kuma dangi kan yi tarayya a aska.

Tsohuwar alamar da aka fi sani ita ce S100. Blake Moore ya fara ware ta a 1965, kuma ba daga fata ba, daga ƙwaƙwalwar saniya. Tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na melanoma, shi ya sa har yau ba a yar da ita ba. Matsalarta son jama'a. Tana rina rigar jijiya, da kitse, da guringuntsi, da wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a fata da cikin kaluluwa, da ƙwayoyin da ke matse nono da yawu daga maɓuɓɓugarsu. In ba ta fito ba, zargi ya ragu ƙwarai. In ta fito, ba ta kama kowa ba tukuna. SOX10, wadda ta zo daga baya, ta fi ta tsabta a cikin kaluluwa don ba ta rina ƙwayoyin garkuwa, amma ita ma tana fitowa a ƙarin da ya taso daga rigar jijiya, da wasu dajin maɓuɓɓugar yawu, da wani nau'in dajin nono mai zafin hali wanda ba baƙo ba ne a tsakanin matan Afirka ta Yamma. Idan mace ta zo da kaluluwa a hammata, SOX10 kuma ta fito, wanda ya yi gaggawar rubuta melanoma yana iya aika ta neman tabo a fata alhali ciwon yana nono.

Sai alamomin da suka shafi masana'antar launin kanta. HMB-45, da aka samar a 1986, tana bin sawun wani furotin mai suna gp100, wanda shi ne tabarmar da ake shimfiɗa melanin a kai. Melan-A kuwa ƙungiyoyi biyu ne suka gano ta a shekara guda, 1994, ɗaya ta Thierry Boon a Beljiyam, ɗaya ta Steven Rosenberg a Amurka, shi ya sa take da suna na biyu, MART-1. Akwai kuma tairosinas, wanda shi ke fara dafa launin, da MITF, sarkin aikin da ke ba sauran umarnin buɗewa. Waɗannan sun fi S100 kamun kai, amma kowace da inda take ba da kunya. HMB-45 tana fitowa a wani ƙarin ƙoda mai haɗe da kitse da tsoka da jijiyar jini, wanda galibi ba mugu ba ne, da kuma wata cutar huhu da ke kama mata. Waɗannan su ne 'ya'yan riƙo: ba dangi ba ne, amma da gaske sun buɗe shafin. MITF tana nan a ƙwayoyin da ke cin ƙashi don a sabunta shi, da wasu ƙwayoyin garkuwa.

Labarin Melan-A ya fi ba ni sha'awa. Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen nemanta, A103, yana rina ɓawon ƙullin saman ƙoda, da ƙwayoyin maraina da na ma'ajiyar ƙwan mace masu sarrafa sinadarin jinsi. Amma wani sinadarin daban mai neman furotin ɗin guda ba ya rina su. Wato ba shafin aka buɗe a can ba, mai bin sawun ne ya ga kama ya ce shi ne. Kama da wane ba ta wane. Likitoci ma sun mayar da kuskuren abin amfani, suna gano ƙarin wannan ƙulli da shi. Hatsarin kuwa a fili yake: melanoma tana son yin ƙaura zuwa wannan ƙulli na saman ƙoda, saboda haka in an ga ƙari a can kuma A103 ta fito, tambayar ba ta amsu ba.

Akwai kuma wanda tsufa ya shafe askarsa. Melanomar da ta yi nisa, ta shiga hanta ko huhu ko ƙashi, takan rufe shafukan launi ɗaya bayan ɗaya, har ta koma ƙwayar da ba a gane gidansu. Wani nau'inta mai tauri kamar tabon ƙuna yawanci ba ya nuna HMB-45 ko Melan-A ko kaɗan, sai S100 da SOX10. Don haka babu likitan kirki da ke yanke hukunci da alama ɗaya. Alƙali ba ya ɗaure mutum da shaida guda, balle shaidar da aka san tana da ruɗewa. Ana haɗa mai faɗin kamu da mai kamun kai, a duba siffar ƙwayoyin, a tambayi wurin da aka yanko tsokar.

A 1991 wasu masu bincike a Ingila suka kawo dabarar da ta yi kama da mafita. Tunda jini ba shi da ƙwayar launi, in aka sami saƙon tairosinas a jini, ai ƙwayar daji ce ke yawo. Na'urar ninka saƙo tana iya tsinto ƙwaya ɗaya cikin miliyan. Kaifin nan ne ya zama illa. Allurar ɗibar jini ta fata take ratsawa, tana iya kwaso ƙwayar launi lafiyayya. An kuma gano tun 1989 cewa kusan kowace ƙwaya takan ɗan leƙa shafin da ba nata ba, ta kwafi kalma ɗaya ko biyu, na'ura mai kaifi kuma za ta ji. A cikin kaluluwa ma akan sami 'yan ƙwayoyin tawadar Allah da suka maƙale a ɓawonta, ba ruwansu da daji, amma askarsu ɗaya. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka mai suna Sunbelt ya nuna a 2006 cewa samun wannan saƙo a kaluluwar da madubi ya ce lafiyarta lau bai bambanta wanda ciwon zai dawo masa da wanda ba zai dawo masa ba. In an niƙe tsoka an rasa abu mafi daraja, wato ganin wace ƙwaya ce ta yi magana kuma a ina take zaune.

Alamar da ta fi kusa da faɗin hali, ba asali kawai ba, ita ce PRAME. An gano ta a 1997, amma sai a 2018 wani bincike daga asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin New York ya sa ta shiga aikin yau da kullum. A jikin lafiyayyen baligi shafinta a rufe yake kusan ko'ina, ban da maraina, da ɗan kaɗan a mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da ƙullin saman ƙoda. Yawancin melanoma, har da ta tafin ƙafa, suna buɗe shi gaba ɗaya, yawancin tawadar Allah kuwa ba sa buɗewa. Wannan babban taimako ne a ƙafa, inda tabo marar laifi kan yi kama da mugu a madubi. Sai dai wasu dajin huhu da na nono da na mahaifa su ma suna da ita. Tana cewa akwai ɓarna, ba ta cewa ɗan wane gida ne.

Wani zai ce duk wannan rigimar masu madubi ce. A'a, an biya ta da idanu da kunnuwa da rayuka. Da aka fara horar da ƙwayoyin garkuwar majiyyaci su farauci duk mai ɗauke da MART-1 ko gp100, rahoton da ƙungiyar Rosenberg ta fitar a 2009 ya nuna dajin ya ja da baya a wasu, amma fata ta yi ƙuraje, ido ya kumbura, ji ya ragu. Maharban sun bi aska har cikin ido da kunne, inda dangin ƙwayar launi ke zaune lafiya. A 2013 aka ba da rahoton mutum biyu da suka rasu da ciwon zuciya kwanaki kaɗan bayan an ba su ƙwayoyin da aka horar kan wata alama mai suna MAGE-A3, saboda wani furotin na tsokar zuciya yana da ɗan yanki mai kama da ita. Maganin tebentafusp, da Amurka ta amince da shi a Janairun 2022 don melanomar ido, gp100 yake bi, kuma ƙaiƙayi da ƙurajen fata na cikin illolinsa na farko. Ba ya ma aiki sai ga mai wani nau'in gado na garkuwa wanda ya fi yawa a Turawa.

A nan nake da ƙorafi. Taswirar da duniya ke dogaro da ita don sanin wane shafi ke buɗe a wace gaɓa, irin aikin GTEx da Amurka ta fara a 2010, kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka ɗebi tsokarsu Turawa ne. Fatar da aka ɗiba kuwa daga ƙauri ne da mara. Tafin ƙafa ba ya ciki. Alhali tafin ƙafa wata ƙasa ce daban. Kowa ya juya hannunsa ya ga tafinsa ya fi bayansa haske. Wani bincike na 2004 ya nuna dalili: ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar tafi suna fitar da wani furotin, DKK1, mai danne ƙwayoyin launi, har yawansu a can bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sauran jiki ba. Dajin da ke tasowa a can ma halinsa daban. Sauyin gado na BRAF, da aka gano a 2002, wanda ake samu a kusan rabin melanomar fatar Turawa kuma aka ƙera magunguna dominsa, kaɗan ne daga masu ciwon tafin ƙafa ke da shi. An auna rigar a jikin wani, mu aka ce mu saka.

Launinmu kansa yana shiga tsakani. Rinin da aka saba amfani da shi a gwajin ruwan ƙasa ne, melanin ma ruwan ƙasa ne. A ƙarin da ya cika da launi, ga kuma ƙwayoyin garkuwa da suka haɗiyi melanin suka yi baƙi ƙirin, mai duba madubi zai iya ganin amsa inda babu ita. Maganin abin shi ne a yi amfani da jan rini, ko a fara wanke launin. Melanin yana kuma riƙe wa na'urar ninka saƙo hannu, ta ce babu alhali akwai. Ga zabiya kuwa lamarin ya juya. Zabiya yana da ƙwayoyin launi daidai da na kowa, launin ne ba sa iya dafawa yadda ya kamata. Dajin fatar da ya fi addabarsu wani iri ne daban da rana ke jawowa, melanoma ba ta cika kama su ba, amma in ta zo takan zo ja ko fara, babu baƙin da zai tona ta. A nan alamomin su ne idon likita.

Duk wannan ilimi yana rataye ne a wuyan kwalba ɗaya, wadda ake aika tsokar gwaji a ciki. Kalgo tana da babbar cibiyar lafiya ta jiha da mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, babban birnin jihar da ke kusa yana da asibitin tarayya da na Sir Yahaya, Sakkwato kuma tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai sashen binciken tsoka da na gashin daji. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid sun yi shekaru suna sa mutanen Kebbi furta kalmar daji da babbar murya. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai amfani manomin Gwandu in wanda ya fara yanke masa ƙarin, a ƙaramin ɗakin tiyata ko a zauren wanzami, ya jefa naman a kwandon shara ya ce masa, "Baba, an cire, sai ka riƙa zuwa wanki." Na fi jin tsoron wannan kwandon fiye da rashin kowace na'ura.

In ma an aika, yadda aka aika shi ne rabin amsar. Furotin da saƙon RNA suna fara lalacewa daga lokacin da wuƙa ta raba tsoka da jini, kuma a zafin Afrilu na Kebbi, da ke haura digiri 40, ba sa jira. Ana so tsokar ta shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 nan take, ruwan ya ninka girmanta kamar sau goma, ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba. Babban ƙari a ƙaramar kwalba bayansa ne kawai ke kamuwa, cikinsa ya ruɓe. In kuma ya yi makonni a fomalin ana jiran kuɗin mota, askar kan dushe har mai bin sawu ya wuce ta bai gani ba. A yanko da zurfi, kada a shafto sama kawai, domin kaurin ƙarin da milimita, ma'aunin da Alexander Breslow ya kawo a 1970, har yau ya fi kowace alama faɗin abin da ke gaba. Sannan takardar da ke rakiyar kwalbar ta faɗi shekarun mai ciwon, da tsawon lokacin da tabon ya yi, da ko an taɓa yanke wani a da aka yar, da ainihin wurin: diddigen hagu ne, ko ƙarƙashin farce, ko kaluluwar matsematsi, ko hammata. Likitan da ke Sakkwato bai taɓa ganin ƙafar ba. Abin da aka rubuta masa a wannan layi shi zai gaya masa waɗanne alamomi zai nema, kuma wace ce daga cikinsu za ta iya yi masa ƙarya a wannan gaɓar.